Atamfa Mai Hoton Ɗan Fari

Lokacin da Hauwa take takabar mijinta, babu safiyar da Goggo Zinatu mai masa ba ta leƙo gidan da ƙunshi a hannu ba. Ba dangin iya ba na baba, katanga kawai suka haɗa. Masa ce da zafinta, a naɗe cikin fastar wani ɗan takara, mai ya jiƙa masa goshi har hula. Ranar farko Hauwa ta tsaya tana kallon hoton.

"Ci abinki, 'yar nan," in ji Goggo. "Tun da aka zaɓe shi, yau ne ya fara kai abinci gidan wani."

Hauwa ta yi dariyar da rabonta da ita tun kafin rasuwar, sannan ta yi istigfari. Da ta fita takaba sai ta riƙa zuwa tana taya Goggo wanke shinkafa da zuba miya, a rumfarta da ke Azare, bakin tashar masu mashin ɗin zuwa Chinade. Hauwa ba mai magana ba ce, daga carbinta sai aikinta. A wannan rumfa ta ga yawancin abin da ta sani game da matar.

A wata ruga bayan Chinade aka haifi Goggo Zinatu, aure ya kawo ta Azare. Mijin direba ne, ya rasu ya bar mata 'ya'ya da tanda. Ba ta taɓa shiga aji ba, amma tana da rediyo rataye a ƙusa, kuma ba ta yarda ya yi magana shi kaɗai. In an ce ana yaƙi a wata ƙasa mai nisa, sai ta juya masa ta ce, "Su ke jifan juna, ni ake ƙara wa kuɗin man gyaɗa. Ko ni na aike su?" In an ce dala ta tashi, ta ce, "Ita wannan baiwar Allah ban taɓa ganinta ba, amma kullum tana cikin ƙulluna." Da aka ce manyan duniya sun taru don tattauna yunwa, abu ɗaya ta tambaya: wa ya dafa musu abincin taron?

Siyasar gida kuwa, a nan ta fi kauri. Babu taron jam'iyyar da ba ta zuwa, ta karɓo atamfa mai hoton ɗan takara. In an tambaye ta wace jam'iyya take yi, sai ta ce wadda atamfarta ba ta zuba. Telanta ya riga ya san ƙa'ida: fuskar mutumin sai ta faɗo daidai mazaunai.

"Shekara huɗu zai yi zaune a kaina," take cewa. "Bari in riga shi."

In zanen ya tsufa, ya koma labulen bayan gida ko tsumman sauke tukunya. Akwai wanda ya yi sanata a Abuja ya ƙare a ƙofar makewayinta. Masu mashin da yawa ba don masar kaɗai suke zuwa ba, don bakin ne.

Ana haka sai siyasar ta shigo mata ɗaki.

Ɗanta na fari, Abdulhakeem, a hannun yayanta ya tashi a Jama'are, yadda aka saba. Goggo ba ta taɓa kama sunansa ba, kunyar ɗan fari. "Wancan" take ce masa, in ta so sakin fuska ta ce "mai kayan mashin", don abin da yake sayarwa ke nan a Kano. Yaro ne mai ladabi, in ya zo gida yakan tsuguna a bakin rumfa ya gaishe ta, ita kuma ta amsa tana kallon tanda. Kasuwa ta yi masa kyau, wasu suka zuga shi, sai ga shi ya fito takarar majalisar jiha. Kafin a ƙirga ƙuri'a ko ɗaya an fara ce masa Onarabul.

Shugabar matan jam'iyyar da kanta ta kawo wa Goggo turmin atamfa har rumfa. Aka warware, ga fuskar Abdulhakeem reras, yana murmushi daga wannan baki zuwa wancan. Wani mai mashin ana ce masa Maigida, wanda shi ma bakinsa ba linzami, ya ajiye cokali.

"To Goggo, wannan ma tela ya san inda zai sa shi?"

Aka kwashe da dariya.  Goggo ta ninke atamfar ta tura ƙarƙashin benci, ta ce wa Hauwa ta ƙara wa Maigida miya. Tun daga ranar rediyo ya samu sarari, yana ta zuba babu mai tanka masa.

Hauwa ta lura da abin da ya ɗaure bakin. Ba kunyar ɗan fari ce kaɗai ba. Abdulhakeem ya daina tsugunawa, yanzu gilashin mota yake saukewa ya ɗaga hannu. Bayan motar kuma akwai wasu samari jajayen ido da gorori. Rannan Goggo na ji da kunnenta ya yi wa mutanen rugarsu alkawarin asibiti, da irin muryar da ta shekara talatin tana kwaikwaya don a yi dariya. Tsoronta ɗaya: kada ɗanta ya zama ɗaya daga cikin mutanen labulenta.

Ranar babban taro aka matsa mata sai ta hau dandamali, uwar ɗan takara guda. Ta hau da tsohon zanenta marar hoto. Shugabar mata ta miƙa mata lasifika, ta raɗa mata cewa ta ce "Sai Abdulhakeem" kawai. Ina, sunan da ba ta faɗa a ɗaka ba za ta faɗa a fili?

Ta ce, "Wancan dai na san shi tun yana tsumma. Bai taɓa ɗaukar min ko masa ɗaya ba. Iyakar shaidata ke nan, daga haihuwa zuwa yau. Na gobe kuma ban sani ba, kada wani ya zo rumfata ya tambaye ni."

Ita a nufinta kashedi ta yi. Jama'a kuwa suka ɗauka da sowa. Aka yaɗa maganar a waya, kowa na cewa ɗan da ya sha nonon wannan mata ba zai ci amana ba. Har 'yan adawa suka fara cewa yaron zai kai labari.

Kwana kaɗan kafin zaɓe, da hantsi, ƙullu ya ƙare, rumfa ta watse. Goggo ta kashe rediyo, abin da Hauwa ba ta taɓa gani ba.

"'Yar nan, ke Allah bai ɗora miki surutu ba, bakinki da tsarki. Addu'a nake so."

"Allah ya ba shi nasara, Goggo."

"Wa ya ce miki nasara? So nake ya faɗi."

Hauwa ta tsayar da carbi. "Goggo, ai ba a roƙa wa ɗa faɗuwa. Ki roƙa masa mafi alheri."

"Shi nake roƙa. Wannan ɗin ne ba zan iya da bakina ba, bakin uwa kaifi gare shi. In na ce ya faɗi, har shagon sai ya rufta." Ta ɗauki tsinken juya masa tana kankare tanda. "Ke kin iya tsara roƙo. Ki ce zaɓen kawai. Kada ratar ta yi yawa, ya ji kunyar shiga gari. Kada kuma ta yi kaɗan, ya tafi kotu. A samu tsaka-tsaki dai, wanda zai mai da shi kan kayan mashin ɗinsa, in ya zo gaishe ni ya fito daga motar nan."