Mun Wuce Ba Sallama

Ina tsaye ina ta kumfar baki a taron ƙungiyarmu ta masu hawan keke a daji, sai Baba Iro ya ɗaga hannu. Shugaba ne ya ce kowa ya faɗi abin da za a fara gyarawa bana, ni kuwa na dage sai an share ƙayar hanyar Zango, don ta gama da tayoyina.

Baba Iro, wanda ya girme mu duka, ya ce, "Ɗana, bar ta ƙaya. Ƙanwata tana aure a ƙauyen da muke ratsawa. Ran Asabar da suka hango mu a guje, fuska a rufe, mata suka watsar da tuluna a bakin rijiya suka kwashi yara. Sun ɗauka 'yan bindiga ne."

Na ce, "Mu? A kan keke?"

Ya ce, "Wa zai tsaya duba abin da muka hau? Ko sallama ba mu yi ba."

Wallahi nan take na bar maganar ƙaya.

Jiya muka koma. Tun daga bakin gari muka sauka, muka buɗe fuska, muka tura kekuna har ƙofar mai unguwa. Da fura aka sallame mu.

A dawowa tayata ta sake yin faci, ban ko yi tsaki ba. 'Yan uwa, wane ƙauye ne kuma muke tsoratarwa ba mu sani ba?