Reshen Zogalen Iya Asibi

Duk wanda ya zauna a unguwar New Bell Hausa ta Douala ya san zogalen Iya Asibi, ya kuma san ba a taɓa shi. Itace guda ne rak, a kusurwar tsakar gida, tsakanin randa da katangar kwano. Ganyen da take kwaɗawa ta sayar a ƙofar masallaci ma daga kasuwa take sayo shi. Na gida kuwa, ko akuya ce ta ɗaga kai ta kalle shi, sai ta sha zagi har kakanninta.

Tsohuwar tana da dalilinta. Shekara hamsin da biyu ke nan da ta baro Daura ta biyo mijinta, mahauci, zuwa Douala. Ranar tafiya ta sari reshe daga zogalen gidan uwarta, ta naɗe shi a jiƙaƙƙen tsumma, ta rungumo shi har nan. Mijin ya ce shekara biyu za su yi su koma. Ga shi shi kansa a nan aka binne shi, ita kuma ba ta sake ganin uwarta ba. Itacen da ke tsaye yanzu jikan wancan reshen ne, don duk wanda ya tsufa daga jikinsa take dasa wani.

Bayan zogale, abin da Iya ta fi ji da shi a duniya jikarta ce Rakiyatu, 'yar ɗanta Mukhtar, wadda ta goya tun yaye. Da yarinyar ta shiga jami'a karatun Sinanci, unguwa ta ɗauka tafinta za a samu. Ashe tsofaffin waƙoƙin Sin ta zaɓa, na mutanen da suka mutu fiye da shekara dubu.

"Ke dai ba ki da wayo," in ji Iya. "Ga Sinawa masu rai cike da kantuna, kin bi matattu."

Amma kullum bayan la'asar, in sun zauna tsinke ganye, ita ce mai cewa, "To, yau me matattun naki suka ce?" Rakiyatu ta buɗe littafi tana mayar mata da Hausa. Yawanci ma'aikatan sarki ne da aka tura nesa da gida, sun tsaya bakin kogi suna kallon wata suna kewar iyayensu.

"Ƙattan nan ba su da aikin yi ne?" Haka Iya za ta ce, ta share ido da gefen zane, ta ɗora wa albasa laifi.

Wata rana Rakiyatu ta karanto waƙar bankwana. Ta ce al'adarsu ce, in mutum zai yi doguwar tafiya, mai rakiya ya karyo reshen wani itace na bakin rafi ya miƙa masa. Iya ta yi dariya har da tari.

"Guzurin ke nan? Ko ƙuli-ƙuli babu?" Can sai hannunta ya tsaya a cikin tire. "Icen nan, in an soke shi a ƙasa, yana kamawa?"

Rakiyatu ba ta sani ba. Ta tambayi malaminta, ta dawo da amsa: yana kamawa, ko'ina aka kai shi, muddin akwai danshi.

"To, ba mahaukata ba ne," in ji Iya.

Cikin damina Rakiyatu ta sauko daga bensikin, wato babur ɗin haya, da takarda a hannu tana tsalle. "Iya, na samu bourse, za su biya min karatu! Shekara biyu a Sin!"

Mukhtar ya ce shi ba shi da ta cewa, sai abin da mahaifiyarsa ta yanke. Iya ta ce a'a. Ta san shekara biyu sarai, an taɓa yi mata ita. Tsoro take ji, tsoron ta mutu yarinyar tana wata duniya.

Rakiyatu ba ta yi musu ba, ba ta yi kuka a gabanta ba. Littafin kawai ta daina fitowa da shi. Mako uku suna tsinke ganye shiru, shirun kuwa ya fi cin tsohuwar, don ta gane ita ce ta rufe littafin nan. Ran Litinin za a mayar da takarda da amsa.

Da safiyar Litinin ɗin ruwa ake kamar da bakin ƙwarya. Iya ta ɗauki tsohuwar wuƙar mijinta ta fita tsakar gida. Mukhtar ya leƙo, ya ga uwarsa tana saran zogalen da ko shi bai taɓa tsinkar ganyensa ba. Ta dawo jiƙe sharkaf, ta miƙa wa jikarta reshe mai kaurin taɓarya.

"Ungo. Je ki ce musu kin yarda. Allah ya yi miki albarka."

Rakiyatu ta karɓa. "Iya, ai ba za a bar ni in hau jirgi da itace ba."

"Wa ya ce ki tafi da shi? Ni da na tafi da nawa, inda na kai shi nan na kama, ban koma ba. Naki a nan za ki dasa, da hannunki. In kina son ganin yadda ya yi, ki dawo."

Yarinyar ta durƙusa cikin taɓo kusa da randa ta soke reshen, tana kuka. Iya ta ɗauko buta ta zuba masa ruwa, alhali sama ba ta daina zubowa ba.