Tabaryata a Cikin Waƙarsa

Maigidana, Allah ya jiƙansa, makaɗin garaya ne a Kiru, kuma shi yake rera waƙarsa da kansa. Ni ban yi karatu ba, 'yata ce take rubuta mini wannan.

Muna da shekara biyu da aure, tun Turawa ba su tafi ba, mutanen rediyo suka zo daga Kano da na'urar ɗaukar murya. Suka zauna a ƙofar gida bayan la'asar, jama'a ta taru. Kunya ta hana ni leƙawa, sai na ci gaba da dakan fura a bayan zana.

Ina ji mai na'urar ya ce, "Malam, a ce wa mai dakan nan ta dakata, ƙarar tana shigowa."

Maigida ya yi dariya. "Ƙyale ta, ranka ya daɗe. Kullum tabaryarta nake bi. In ta tsaya, kiɗan ya watse."

Sai ranar na san haka.

Bayan rasuwarsa muryarsa ta ɓace mini. Ina ganin fuskarsa, amma in na nemi muryar sai in rasa, na sha kuka a kan wannan. Bara 'yata ta ji waƙar a rediyo, ta nemo mini kaset ɗinta. Ga dusasshiyar muryar nan tasa, ga shewar jama'a, can ƙasa kuma tabaryata tana sauka, yana binta.

Har yanzu hawaye yakan zubo. Amma kullum da hantsi nakan sa a kunna mini, in zauna in ji mu biyu muna aiki.