Hajja Kaltumi, Hancin Gidanmu

Na Allah muke, kuma wurinSa ne makoma. Ranar Talata, 14 ga Rajab 1446, daidai da 14 ga Janairu 2025, bayan azahar, Allah Ya karɓi ran kakata, Hajja Kaltumi mai gato, wato kek, ta unguwar Roumdé Adjia a nan Garoua, bayan gajeriyar jinya. Ni ne Mahfuzu, jikan nan nata da take kira "miji marar hanci". Karatuna na allo ne, ban saba irin wannan rubutu ba. Sai dai tun da aka kai ta na kasa zama wuri ɗaya. In na zauna a tabarmar gaisuwa sai in miƙe, in na miƙe sai in gan ni a ƙofar madafa.

Uwargida, ashe da gaske kike. Kullum kina cewa za ki bar ni don ban iya cefane ba, na ɗauka wasanmu ne na jika da kaka.

Mutane sun san ki da gato da biredin da ke fitowa daga tandarki ta gas. Mu na gida mun san abin da ke bayan wannan ƙamshi. Ba ki taɓa kunna tandar nan ba sai kin durƙusa kin shanshana butel ɗin gas, daga kansa har ƙarshen tiyo. In wuta ta yi rawaya maimakon shuɗi, sai ki kashe, ki bari ta huce, ki cire kan murhun ki bi ƙofofinsa da allura ɗaya bayan ɗaya. Matan unguwa, Hausawa da Fulani da Kiristoci, in murhunsu ya yi gardama ke suke aika wa, ki yafa gyale ki tafi da allurarki da guntun sabulu. Abin da kike karɓa "useko" ne kawai, godiyar Fulani.

Madam Gisèle, maƙwabciyarmu, ta zo gaisuwa tana kuka kamar ita kika haifa. Ta ba matan da ke zaune labarin ranar da kike wucewa ta bayan katangarta kika ji warin gas, kika faɗa gidan ba sallama, kika doke ashana daga hannunta, kika hana a taɓa makunnin lantarki, kika buɗe tagogi kika fitar da 'ya'yanta waje. Ta ce har yau hannun yana tuna dukan.

Ni kuwa aikina tsokana. In laɓe bayan butel in yi "ssss" da baki, ki taso da ciwon gwiwarki, ki shanshana ko'ina, sannan ki biyo ni da muciya. Wata rana na ce, "Uwargida, kin san ni ne, me ya tashe ki?" Kika ce, "Na sani, ja'iri. To ranar da ba kai ba ne fa?"

Da zazzaɓin nan mai mura ya kwantar da ni shekarun baya, na tashi ba na jin wari ba na jin ƙamshi, ko daddawa aka kai mini hanci. Kika yi mini dariya son ranki. Da kika gama, kika kaɗa sabulu a kwano, kika kama hannuna kika shafa kumfar a mahaɗar tiyo, kika ce wanda ba shi da hanci ai yana da ido: inda kumfa ta kumbura, nan gas ke fita. Tun daga ranar kika ɗora ni a kan aikin, ina shafawa kina shanshanawa, muna faɗa.

Ga abin da ya hana ni zama. Washegarin rasuwarki Baffa Mukhtar, babban ɗanki, ya ce bayan sadakar bakwai za a fitar da tandar daga gidan. Ya ce hancin gidan ya kwanta, shi kuma ba zai bar ran iyalinsa a hannun mai wasa da bakinsa ba. Ban ga laifinsa ba. Amma Gwaggo Nafisatu, wadda kika koya wa kwaɓin gato, da tandar nan take riƙe marayunta. Tana jin maganar ta sunkuyar da kai.

Ranar sadakar uku da safe za a gasa biredin baƙi. Na riga kowa shiga madafa da kwanon sabulu. Na shafa kan butel, lafiya. Na bi tiyo, can ta bayan tanda inda zafi ke dukansa, sai ga kumfa tana kumbura tana fashewa. Na rufe butel na fito da gudu na ce kada a kunna komai.

Baffa ya ce, "Mahfuzu, yau ma? Ko kunyar baƙi ba ka ji?"

Na ce, "Baffa, bakina a rufe yake. Zo ka gani."

Ya ƙi tasowa. Gwaggo Nafisatu, mai kiranki Dada, ita ce ta ce, "Yaya, Dada da ta san shi ne ma tashi take yi."

Ya taso da babbar rigarsa ya durƙusa inda kike durƙusawa. Na buɗe butel kaɗan, kumfa ta taso a gaban idonsa, na rufe. Ya miƙe. Sannan ya ce in hau babur in sayo sabon tiyo. Da na ɗaura, shi ya riƙe mini kwanon, aka gwada, aka kunna, wuta ta fito shuɗiya. Ya ce tanda za ta zauna, da sharaɗin kada a ƙara jin "ssss" daga bakina a gidan nan. Na ɗauki alkawari a gaban mutane.

Amma Uwargida, kin rama. Yanzu buta ta yi tsaki a kan wuta sai in zabura, mai faci ya sace iskar taya a titi sai in yi madafa. Gwaggo tana cewa, "Zauna mana, buta ce." Na san buta ce. Tashi nake yi.

Ya Allah, Ka gafarta wa baiwarKa Kaltumi, Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi. Yadda ta tsare gidajen mutane daga wutar duniya, Ka tsare ta daga ta lahira, Ka shaƙa mata ƙamshin Aljanna. Ina miƙa ta'aziyya ga Baffa Mukhtar da Gwaggo Nafisatu, da danginmu na Mayo-Oulo, da Madam Gisèle da dukan matan Roumdé Adjia da ta taɓa durƙusa a madafarsu. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen.

Allurarki tana nan a jikin labulen madafa inda kika soke ta. Kwanta ki huta gwiwar, Uwargida. Mijinki marar hanci zai riƙa tashi.