Wuƙar Kaka a Hanyar Kakau

Jiya a ƙofar makaranta mai lemo ta fere mini guda ɗaya. Ƙanshin ɓawon ya bugi hancina, sai na tsaya riƙe da shi na kasa sha. Kakana na tuna, mahaifin babana.

Ina firamare ya baro ƙauye ya dawo wurinmu a Barnawa, bayan rasuwar kakata. Zaman gida bai karɓe shi ba, sai Baba ya samo masa gona a Kakau. Kullum da wuƙa a ƙugunsa, 'yar ƙarama mai ƙotar ƙaho, cikin kuben fata da gumi ya mayar baƙi. Da ita yake yanka irin doya in damina ta kusa, da ita yake yi wa mangwaro aure, da ita yake fere mini lemo, ɓawon ya sauko bai tsinke ba. A saman riga yake ɗaura ta, har coci. A ƙauyensu, in ji shi, wanda ya ɓoye wuƙa cikin riga shi ake tsoro. Mutumin kirki a fili yake rataya tasa, kuma in ya zo gaban hukuma sai ya zare ta ya miƙa ta wajen ƙota, a ga ba shi da mugun nufi.

Shekarar da gari ya rikice, bayan an ɗage dokar hana fita, aka bar shingaye a hanyoyi. Rediyo na ta maimaita cewa an hana yawo da makami kowane iri. Mama ta roƙi Kaka.

"Baba, ka tura wuƙar nan cikin buhu, ƙarƙashin taki."

"Ni ɓarawo ne?" Abin da ya ce ke nan.

Wata Asabar na bi shi gona, don ni kaɗai ce cikin jikokinsa ba na damunsa da surutu. An kwana ana ruwa. Kafin Kakau aka tsayar da motarmu a shinge, aka ce kowa ya sauko. Ina kallo wani saurayi ya cusa tasa wuƙar ƙarƙashin kujera, ya sauka, aka lalube shi, ya wuce.

Kaka bai jira a zo kansa ba. Ya gyara riga, ya nufi jami'in da ke gaba, ya zare wuƙar, ya juya ta ya miƙa. Jami'in yaro ne, bai kai yayana ba. Ya yi tsalle baya, ya ɗaga bindiga.

"Yar da ita! Na ce yar da ita!"

Kaka bai taɓa jefar da wuƙa ƙasa ba. Ya ƙara matsawa yana miƙawa, har da ɗan rusunawa. Wani ya zo ta gefe ya buge hannunsa da gindin bindiga. Suka durƙusar da shi cikin taɓo a bakin titi, hannuwa sama, motoci na wucewa ana leƙensa.

"Oga, ka yi haƙuri," in ji direbanmu, "tsoho ne, manomi ne."

"A goshinsa aka rubuta manomi?"

Sai da rana ta take suka sake shi. Wuƙar kuwa suka wurga ta cikin tarin adduna da gariyo. Ba mu ƙarasa gona ba. A motar dawowa Kaka ya sunkuyo wajena.

"Amarya, kar ki gaya wa babanki na durƙusa."

Ban faɗa ba, amma taɓon gwiwarsa ya faɗa. Baba ya sayo masa sabuwa a kasuwa, ko taɓa ta bai yi ba. Ɓoyewa ba zai iya ba, ratayawa an hana, fita babu ita kuwa ya ce kamar fita babu wando ne. Doyar ta ruɓe a ƙasa. Kujerar baranda ya zauna a kai har Allah ya ɗauke shi.

Yanzu ina karatun shari'a. Na bi dokokin nan layi-layi, na fahimci dalilin yin su, har yaron nan na shinge ma na daina jin haushinsa, tsoro ne ya cika shi. Sai dai yau 'yan fashin da ke dajin bayan gonar, da rana tsaka suke fitowa, bindigogi a kafaɗa, su kwashe mutane daga kan kunya.

Baba ya yi ritaya, gonar ce abincinmu. Makon jiya ya same ni ina karatu.

"Lauya, me doka ta yarda in riƙe in zan je can?"

Na yi masa bayanin lasisi, da irin bindigar da ba a ba farar hula, da yadda ake daɗewa ana jira. Ya saurara har ƙarshe.

"Wato fartanya."

"Fartanya, Baba."

Da safe ya saɓa ta ya fita. Mama ta ɗauko wanki ta kai bakin get, inda ake hango titi, ta yini tana cuɗa riga ɗaya.