Mama Sikola da Masu Ciwon Karkarwa na Makera

Rana ba ta fitowa ta tarar da Mama Sikola a gida. Kafin jirgin safe ya yi kuka a tasha ta riga ta dama kunu, ta juye shi a langa, ta ɗaure zanenta tamau, ta kama hanya. Gidan farko yana bayan kasuwar Makera, inda wani tsohon maƙeri yake kwance yana jiran a tayar da shi a wanke masa fuska. Daga nan sai ta tsallaka layin dogo ta nufi Kakuri, ta ratsa ta cikin ma'aikatan sabuwar masaƙa masu sammako, ta shiga wannan gida ta fita, ta shiga wancan. Ko gaisuwa a tafe take amsawa. Shekarun da na yi ina koyarwa a Makera, ban tuna ranar da na ga ta ci abinci a zaune ba.

Ainihin sunanta Scholastica, 'yar Kagoro ce. Sunan ya yi wa bakin mutanen unguwa nauyi, suka mayar da shi Sikola, ita kuma ta amsa. A ƙarshen watan nan za ta koma gida, domin gwiwoyinta sun kumbura, 'yarta Irene kuma ta kafe sai ta tafi da ita. Tun da na ji labarin hankalina bai kwanta ba. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, tun tana kusa, tun kunnenta zai ji.

Mijinta Shekari kafinta ne a wajen wani ɗan kwangila. Wata shekara hannunsa na dama ya fara rawa ko yana zaune kawai. Maigidan ya ce giya ce, ya sallame shi, alhali Shekari ko burukutu bai taɓa kai wa baki ba. Sannu a hankali tafiyarsa ta koma jan ƙafa, muryarsa ta yi ƙasa, fuskarsa ta daskare har ba a gane fushinsa da murnarsa. Wasu maƙwabta suka ce iska ce, wasu suka ce sammu, wasu suka hana 'ya'yansu shiga gidan. Mama Sikola tana wankau ta ciyar da su, tana jinyarsa ita kaɗai, har ya rasu a shekarar 1952.

Kowa ya zaci za ta huta. Sai ga shi ta kasa zama. Ta ce wa Irene hannuwanta sun saba da aikin, ba ta san inda za ta ajiye su ba. Ana cikin haka ta ji mata a bakin famfo suna zancen wani tela, Malam Ɗahiru, da aka daina ganinsa a kan kekensa, wai an ɓoye shi a ɗaki saboda jikinsa yana karkarwa. Ta ajiye bokiti a nan ta tambayi gidan.

A ƙofa ta ci karo da yayansa, Alhaji Bello. Ya dube ta sama da ƙasa, ya ce ba su nemi mai magani ba, kuma ba su san ta ba. Ta ce masa ita ma ba ta da magani.

"To me kika kawo?"

"Alhaji, na san yadda ake ba shi ruwa bai ƙware ba. Na san yadda ake juya shi bayansa bai yi gyambo ba. A kan mijina na koya. Ka bar ni in nuna wa matarsa, in tafi."

Hauwa, matar Malam Ɗahiru, tana jin su daga bayan labule. Ita ce ta leƙo ta ce a yi haƙuri a bar baƙuwar ta shigo, domin ta gaji, kuma ba ta da wanda za ta tambaya. Daga ranar nan matan biyu suka ƙulla. Bayan 'yan watanni aka ga Malam Ɗahiru a zaure yana shan iska.

Da labari ya bazu sai gidaje suka fara aiko mata a asirce. Ashe masu ciwon suna nan, kowa a ɓoye, kowa yana tsammanin shi kaɗai ne. Mama Sikola ta ce ɓoyon ya fi ciwon kashe mutum. Ta roƙi Malam Ɗahiru aron zaurensa, ta fara tara su ran Asabar da hantsi, Musulmi da Kirista, maza a gefe, mata a gefe. Tana sa su miƙe hannu, su taka, su buɗe baki su yi magana da ƙarfi; mai karatu ya ɗaga murya ya yi karatunsa, mai waƙar coci ya rera tasa. Ta je wajen wani mai ƙera kwano ta kwatanta masa kofi mai hannu biyu da murfi, ya ƙera musu kyauta. Hauwa ta cire maɓallan rigunansu ta sa igiya. Matan kasuwa suka riƙa kawo gero da tsamiya. Haka ƙungiyar ta tashi, ba ofis, ba albashi, ko suna ba ta da shi sai wanda mutane suka laƙaba mata, wai taron masu karkarwa.

Ke ce, Mama, kika shiga ɗakunan da dangi suke tsayawa daga bakin ƙofa. Ke ce kika ci abinci a kwano ɗaya da su a gaban jama'a, don a gani da ido cewa ba a ɗauka. Uwar marasa murya, ba wanda ya aike ki.

Akwai abin da mutanen Makera suka gani da idonsu, har yau ana zancensa. Masu wannan ciwo wani lokaci ƙafafunsu sukan kafe a tsakiyar tafiya, kamar an manna su da ƙasa. Wata Asabar da yamma Malam Ɗahiru ya ce shi ma zai taka ya raka wani abokinsa, Mama Sikola tana biye da su. A daidai inda masu ƙafa suke tsallaka layin dogo ƙafarsa ta kafe, yana tsakiyar layi. Sai ga kukan jirgin kaya daga nesa. Mutane suka fara ihu, wani ya kama hannunsa yana ja, shi kuwa jikinsa ya ƙara sandarewa, ya tafi zai kifa. Mama Sikola ta ture mai jan, ta warware ɗankwalinta ta shimfiɗa a gaban ƙafarsa. Waɗanda suke kusa sun ce ko murya ba ta ɗaga ba.

"Malam, kada ka dubi jirgi. Dubi ƙyallen nan. Tsallake shi."

Ya ɗaga ƙafa ya tsallake. Ta janye ƙyallen ta sake shimfiɗawa gaba, ya sake tsallakewa, har suka fita daga layin. Jirgin ya wuce su suna tsaye a gefe, ita kai ba ɗankwali, shi yana haki. Da aka tambaye ta daga baya ta ce da tabarya ta saba yi wa Shekari haka a tsakar gida. 

Da daminar bara wani likita mai binciken ciwon jijiya ya zo daga kudu. Wata sista mai ba da magani a ƙetaren kogi ce ta ba shi labarin taron, ya ce yana so ya duba su. Nan da nan jita-jita ta cika unguwa cewa kwashe su za a yi a fasa musu kai. Alhaji Bello ya ce gara ya mayar da ƙanensa ƙauye. Taron Asabar ya watse, zaure ya koma wayam. Aikin shekaru yana neman rushewa a hannunta.

A makon nan na ga Mama Sikola ta rame. Cikin ruwa da taɓo ta bi gidajen ɗaya bayan ɗaya, wani gidan sau biyu a yini, tana ba su haƙuri, tana alkawarin cewa ba wanda za a taɓa sai tana tsaye. Sannan ta ƙetare gada ta sami likitan, ta gindaya masa sharaɗi: shi zai zo zaure, ba su za su je ba, kuma duk abin da suka tambaya ya gaya musu gaskiya. Ya yarda ba musu. Ni aka kira in yi tafinta, don haka abin da ya biyo baya da kunnena na ji.

Likitan ya zauna a tabarma kamar kowa. Ya ce ciwon yana da suna, Fakinsan, sunan likitan da ya fara bayyana shi, kuma daga ƙwaƙwalwa yake tasowa, ba iska ba ce, ba laifin kowa ba ne. Ya ce yawancin abin da aka rubuta a kansa daga ƙasashen Turawa ne, shi ya sa yake so ya ga yadda yake a nan. Malam Ɗahiru ya yi magana, muryar can ƙasa, sai da na sunkuya na ji.

"Ka tambaye shi, za mu warke?"

Na tambaya. Likitan ya ce a'a, har yanzu ba a sami maganin da ke warkarwa ba. Akwai ƙwayar da ke rage karkarwa da sandarewa ga wasu. Abin da zai koya a jikinsu kuwa, mai yiwuwa na baya ne za su ci amfaninsa. Na fassara musu. Na ga Mama Sikola ta runtse ido, domin ita ta nemi a faɗi gaskiya, ga ta kuma an faɗa. Can sai Malam Ɗahiru ya miƙa hannunsa mai rawa.

"To a fara da ni. In ban samu ba, wani ya samu."

Duk wanda ya zo ranar sai da aka duba shi. Ƙwayar ta yi wa wasu amfani. Malam Ɗahiru ya koma kai cokali baki da kansa. Wasu ta busar musu da baki, ta rikita musu tunani, aka dakatar. Wata dattijuwa da aka duba ranar ba ta ga kaka ba. Maganin ta hannun sistar nan yake zuwa, Mama Sikola ce take ƙetare gada ta karɓo, wani lokaci ta dawo hannu wofi ta bi gidaje tana bayani. Likitan ya sake dawowa da rani, ya ce zai ci gaba da zuwa. Ba a gama komai ba. Amma yau a Makera in hannun mutum ya fara rawa, ba a rufe shi a ɗaki, zaure ake kawo shi.

Mun gode, Mama Sikola. Allah Ya saka miki da alheri, Ya ba gwiwoyin nan sauƙi, Ya sa ki iya zaman hutun da kika ƙi yi shekara da shekaru.

Saura mu. Asabar da ta wuce ta raba gidajen. Hauwa ta ɗauki na Makera. Eunice, wata ma'aikaciyar masaƙa, ta ce za ta riƙa bin na Kakuri in ta tashi aiki, ta kuma karɓo magani. Gida ɗaya ya rage, a Kudenda, saboda nisa. Mama ta tambaya wa zai ɗauke shi, ba a samu ba. Ta sake tambaya, kowa ya dubi ƙasa. Ta ce wa Irene ba za ta hau jirgi ba sai an sami mai zuwa, kuma mun san za ta aikata. Ba ilmi ake nema ba, ƙafa ake nema da haƙuri. Mai ciwon da ke gidan nan na Kudenda mace ce, sunanta Jummai, ita da ƙanwarta tsohuwa suke zaune. Ba ta son a yi mata magana da ihu, domin tana ji sarai, amsar ce take jinkiri. Duk wanda zai iya, ya zo zauren Malam Ɗahiru ran Asabar da hantsi. Mama Sikola ta ce ko da sanda ne za ta raka shi sau ɗaya, ta nuna masa ƙofar.