Ta Tafi Gulbi

Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce, haifaffiyar Aliero. Shekara uku da suka wuce ina da ashirin da huɗu, na gama karatun malanta, an ba ni aji uku a wata makaranta a Maiyama. Mai shiru ce ni, mai rubuta waƙoƙi a bayan littafin darasi, kuma tun ina ƙarama ina da wani hali da gidanmu suka raɗa wa suna. Sai ina zaune cikin mutane, idona a buɗe, amma ba na nan. A kira ni sau uku ban amsa ba, sai Inna ta ce a ƙyale ni, na tafi gulbi. In na dawo ƙannena su yi ta tambayata ina kifin da na kamo musu. Ina son wannan suna ƙwarai. Can inda nake zuwa ba zafi, ba tsawa, murya takan zo daga nesa kamar ta cikin ruwa, kuma na yi imani daga can nake ɗebo waƙoƙina. Ba wanda ya lura cewa na koyi wannan tafiya ne a Jega, a gidan da aka kai ni riƙo tun ina shekara shida har na kai goma sha biyu. Ba zan faɗi abin da ya faru a gidan ba. Ba ni da inda zan gudu da ƙafa, sai na koyi gudu ta ciki.

A gida abin dariya ne, amma a aji amanar 'ya'yan mutane ce a hannuna. Wata rana ina rubutu a allo na tafi, da na dawo sai ga wata yarinya ta faɗo daga benci, leɓenta na jini, ni kuwa ina tsaye da alli a hannu ban ji kukanta ba. Shugabar makarantar, dattijuwa mai tausayi, ta ce ta san ba lalaci ba ne, amma in ban nemi magani ba kafin ƙarshen zango dole ta karɓe ajin. Ita ta haɗa ni da wata likitar ƙwaƙwalwa a Birnin Kebbi, duk ranar Alhamis bayan an tashi.

Na je da labarina a tsare kamar waƙa, ina jiran in zube shi in huta. Ina farawa ta dakatar da ni a hankali, ta ce tukuna ɗiyata. Ta ce hankalina ya koyi barin jikina ne don ya cece ni lokacin da nake ƙarama, ba abin kunya ba ne, amma bai san hatsarin ya wuce ba, kuma kafin a taɓa tsohon ciwo sai na iya zama a inda nake. Ta koya mini in danna tafin ƙafata a ƙasa, in ambaci abu biyar da nake gani, in faɗi ranar da ake ciki da shekaruna da baki. Da ta ji ni ɗiyar Aliero ce ta yi dariya, ta ce garin albasa guda ba ya buƙatar ta rubuta masa abin shaƙa, in yanki ɓari in ƙulle a hankici, da na ji zan tafi in shinshina. Ta kuma tambaye ni ko maɗoran garinmu suna barin mai karaya ya taka ƙafa kafin ɗori ya kama. Har yau ina kewar waɗannan Alhamis ɗin na farko: koren labulen ofishinta, kofin ruwan da take ajiye mini, da ƙetare gadar Jega da la'asar ina ƙirga kwale-kwale don kada in ɓace.

Amma a lokacin rainawa na yi. Ni da takardar malanta, ina ƙirga kujeru ina shinshinar albasa! Abin da ya fi damuna kuma, tun da na fara waɗannan darussa waƙa ta daina zo mini. Na ji tsoron matar nan za ta ƙafar mini da gulbina. Bayan zama na shida na yi mata ƙarya cewa na warke, na daina zuwa. Wata Asabar da safe na sayi sabon littafi, na ce zan rubuta komai da kaina tun daga ranar da aka sauke ni a gidan riƙo. Ina tuna shafi na goma sha ɗaya. Abin da na sani bayan nan, ina zaune a tashar Jega kusa da wata mai fura, takalmana ba iri ɗaya ba, kuma ranar Litinin ce da azahar. Matar ta ce tun safe nake nan, ta tambaye ni ɗiyar wa ce, na ce mata shekarata tara, ina jiran Innata ta zo ta ɗauke ni.

Ajina ya wuni ba malami. Shugabar ta karɓe shi idonta cike da hawaye, ta mayar da ni ofis wajen rajista. Yaran da na koya wa haɗa baƙi, wani ne ya ga sun fara karanta jimla.

Na koma wurin likitar da kunya da littafin a hannu. Ba ta yi faɗa ba, ba ta kuma buɗe shi ba. Ta sa shi a ambulan, ta ce in sa hannu a bakinsa, ta kulle a aljihun teburinta. Sannan ta tambaye ni ko na ci abinci, kuma yau wace rana ce. Muka koma farko. Da na yi wa Inna bayani ta yi kuka sosai, ta hana kowa a gidan sake cewa na tafi gulbi. Yanzu in ta ga idona ya tsaya, sai ta kama hannuna ta kira sunana. Waƙoƙi sun dawo kaɗan kaɗan, a kan abin da ke gabana. Bana an ba ni aji biyu.

Iyaye, in kuna da yaron da kuka raɗa wa shirunsa suna mai daɗi, ku tambayi kanku yaushe ya fara, kuma daga ina ya dawo da shi. Ke kuma 'yar'uwa da kika fara neman magani kina ganin ana ɓata miki lokaci da ƙananan abubuwa, kada ki yi gaggawar da na yi, waɗannan ƙananan abubuwan su ne maganin farko. Watan jiya likitar ta tambaye ni ko ina so mu buɗe shafin farko na littafin nan da ke cikin ambulan. Na danna tafin ƙafata a ƙasa, sannan ni da bakina na ce mata tukuna.